Ina zafin ya tafi? Gane kimiyyar gaskiya a cikin gem

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon cajin waya da gidan gem a Mabera, nan cikin Sakkwato. Ƙanena yana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma kullum yana kan Minecraft da wasu gem na kwamfuta. In na yi masa faɗa sai ya ce ai kemistiri da fizis yake koyo a ciki. Ni dai abin da na sani a gem shi ne a harbi duro ya fashe. Don Allah akwai kimiyyar gaskiya a cikin abubuwan nan, ko wayo yake yi mini? In akwai, yaya mutum zai bambance ta da ta bogi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai faɗa maka gaskiyar duka ba. Akwai kimiyya a cikin wasu wasannin, wani lokaci har takan ba ni mamaki, ni da na shekara da shekaru ina koyar da kemistiri. Amma a gauraye take da tatsuniya kamar shinkafa da tsakuwa, kuma yaron da bai iya tsinta ba duka zai haɗiye.

Tunda kai ɗan kasuwa ne, abin zai zo maka da sauƙi fiye da yadda kake zato. Ilimin zafi da makamashi, wanda a makaranta ake kira tamodainamiks, littafin ciniki ne. Dokarsa ta farko ta ce makamashi ba ya fitowa daga babu, ba ya kuma ɓacewa, sai dai ya sauya kama ko ya sauya wuri. Ta biyu ta ce zafi in an bar shi daga abu mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi, kuma duk injin da ke mayar da zafi ya zama aiki dole ya zubar da wani kaso. Kemistiri ma yana da tasa dokar: nauyin abin da ka zuba shi ne nauyin abin da zai fito. In ka san cinikin dubu goma aka yi a shago amma ka ƙirga akwati ka ga dubu goma sha biyar, ai ba murna za ka fara yi ba, yaron shago za ka kira. To haka za ka yi wa gem. Kada kyan wuta da hayaƙi a allo su ɗauke maka hankali, masu zane sun ƙware a wannan. Ka tambaya kawai: zafin nan daga ina ya zo, kuma ina ya tafi?

Bari mu fara da Minecraft ɗin nasa, wanda kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya fitar a kammale a 2011, Microsoft kuma ya saye shi a 2014. A wasan, in ka sa gungumen itace ɗaya a murhu a matsayin makamashi, abu ɗaya da rabi zai gasa maka. In kuwa ka fara mayar da gungumen gawayi, gawayin nan guda ɗaya abu takwas zai gasa. Wato makamashin ya ninka fiye da sau biyar don kawai an ƙona itacen. Duk mai haɗa gawayi a ƙauyukanmu ya san wannan ba ta taso ba. Kilo 100 na busasshen itace, a yadda ake binne shi a rufe da ƙasa, yawanci ba ya ba da abin da ya wuce kilo 20 na gawayi. Gaskiya ne kilo ɗaya na gawayi ya fi kilo ɗaya na itace ƙarfi, kusan ninki biyu, amma in ka buga lissafin gaba ɗaya za ka ga kamar kashi biyu cikin uku na makamashin itacen ya bi hayaƙi da tururi tun a ramin. Me ya sa to maƙeri yake sayen gawayi? Domin ruwa da abubuwan da ke yin hayaƙi sun riga sun fita, saura kusan zallan kabon, in aka sa masa zugazugi yakan kai zafin da itace ba zai kai ba. Wasan ya yi daidai da ya ce daga itace ake samun gawayi ta hanyar gashi. A lissafin ne ya yi cuwa-cuwa.

Haka batun ƙarfe. A Minecraft za ka iya ɗebo narkakken dutse a bokiti ka zuba a murhu, ya fitar maka da ƙarfe daga tama har sau ɗari. Bokitin kansa ba matsala ba ne a kan takarda, don ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1,538, narkakken dutsen aman wuta kuwa tsakanin 700 da 1,200 yake. Matsalar tana ga tamar. Tama ƙarfe ne da oksijin ya riƙe gam, kuma zafi kaɗai ba ya raba su. Sai an kawo wanda zai ƙwace oksijin ɗin, shi ne iskar kabon monoksaid da gawayi ke bayarwa in yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba. Shi ya sa kakannin maƙeran Assada na nan Sakkwato, tun kafin zuwan ƙarfen Turawa, suke jera tama da gawayi a tanderun yumɓu. Gawayin aiki biyu yake yi, yana ba da zafi yana kuma shiga cikin haɗin. Ɗalibin da ya gane wannan ya gane babin fitar da ƙarfe daga tama a jarrabawar WAEC.

Inda ruwa ya haɗu da narkakken dutse ya ba da baƙin dutsen nan obsidiyan, akwai ƙamshin gaskiya. Obsidiyan gilashi ne na halitta, yana samuwa in narkakken dutse ya huce da sauri har ƙwayoyinsa ba su sami damar jeruwa ba. Amma wasan ya mayar da shi dutsen da sai da digar lu'ulu'u ake fasawa, alhali na gaske da guduma za ka tarwatsa shi kamar kwalba.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne kankare. Yashi huɗu, tsakuwa huɗu, ɗan rini, a zuba ruwa, shi ke nan an samu. Ina simintin? Mu da muke da masana'antar siminti a Kalambaina tun shekarun 1960 bai kamata wannan ta wuce mu ba. Kusan duk wahalar kankare tana cikin abin da wasan ya tsallake. Ana gasa dutsen farar ƙasa, a wajen digiri 900 ya rabu biyu: kowane kilo 100 na zallansa yana barin kilo 56 a ƙasa, kilo 44 kuma ya tashi sama a matsayin iskar kabon dayoksaid. Ka ga littafin ciniki ya daidaita, 56 da 44. Daga nan a ci gaba da gashi tare da laka har zuwa wajen digiri 1,450 kafin a niƙa. Abu ɗaya da wasan ya kama shi ne ruwa ke taurara kankare. Mutane da yawa suna zaton bushewa yake yi, alhali haɗuwa siminti yake yi da ruwan, har yana fitar da ɗumi. Shi ya sa mai buga bulo yake ba shi ruwa safe da yamma, kuma bulon da aka bari ranar Afrilu ta shanye ruwansa da wuri, da hannu za ka marmashe shi.

Jan ƙarfe da suka ƙara a 2021 kuwa na yaba musu. Yana sauya launi a hankali, mataki huɗu, har ya zama kore, in ka shafa masa kakin zuma ya tsaya, in ka kankare shi ya koma ja. Haka abin yake. Gunkin 'yanci na birnin Niyok da aka ƙaddamar a 1886 da jan ƙarfe aka lulluɓe shi, iska da laima ne suka mayar da shi kore cikin 'yan shekaru gommai, kuma masu adana kayan tarihi da kaki suke kare irin wannan ƙarfe. Abin da wasan ya bari shi ne laima: a cikinsa ruwan sama ba ya ƙara saurin abin, alhali kwanon jan ƙarfe da za ka ajiye a Legas zai riga na Sakkwato yin kore nesa ba kusa ba.

Akwai kuma sashen kemistiri da aka sa a bugun Minecraft na makarantu a 2018, inda yaro zai harhaɗa sinadarai 118 daga furoton da nutron da ilektron, wato ƙananan sassan da suka haɗu suka yi ƙwayar kowane sinadari. A nan akwai misalai biyu da nake son ka riƙe, domin suna kusa da juna amma ɗaya gaskiya ne ɗaya a juye yake. Tubalin ɗumi ana haɗa shi da ƙarfe, ruwa, gawayi da gishiri. Wannan shi ne ainihin abin da ke cikin 'yan ƙunshin ɗumama hannu da ake sayarwa a ƙasashen sanyi: garin ƙarfe ne yake tsatsa da sauri, tsatsa kuwa ƙonewa ce a hankali, gishiri da ruwa suna hanzarta ta. Na gasken dai awoyi yake yi ya ƙare, na wasan har abada. Shi kuwa bam ɗin ƙanƙara da ake haɗawa da sodiyam asitet, in ka jefa a ruwa ya daskare, kama ce ta ruɗe su. Sinadarin in ya daskare kamar ƙanƙara yake a ido, amma zafi yake fitarwa, ya kai sama da digiri 50. In ƙanenka zai iya faɗa maka wanne ne a juye da dalili, to ka sassauta masa faɗa.

Wasan da ya fi kowanne ɗaukar littafin cinikin zafi da muhimmanci, a cikin waɗanda na buga, shi ne Oxygen Not Included na kamfanin Klei da ke Kanada, wanda ya fito a kammale a 2019. 'Yan mutane ne a rufe a cikin wani dutse a sararin samaniya, kai za ka samar musu iska da ruwa da abinci. Kowane abu a ciki yana da nauyinsa, da yawan zafin da yake iya sha kafin ya ɗumama, da saurin da zafi ke ratsa shi. Ruwa an ba shi 4.179, wanda shi ne adadin da ke littafin fizis, jul huɗu da 'yan kai (jul shi ne ma'aunin makamashi) don ɗaga zafin giram ɗaya da digiri ɗaya. Sabon ɗan wasa yakan ji daɗi kwanakin farko, ya kafa janareta da injuna, can sai ya ga gonarsa ta daina fitowa, ba kwari ba fari. Zafin injunan ne ya taru don ba shi da mafita. Sai ya ce bari ya sa na'urar sanyaya ruwa, wadda ke rage wa ruwan digiri 14. Ruwan ya yi sanyi, amma na'urar ta zubar da zafin nan duka a ɗakin da take, har ta lalace in ba a yi dabara ba.

Wannan darasi shi ne wanda nake shan wahala in sa a kan ɗalibai. Firji ba ya ƙera sanyi. Kwashe zafi yake yi daga ciki ya zubar a bayansa, tare da ƙarin zafin wutar da ya sha. Sa hannu a bayan firizar mai sayar da ƙanƙara ka ji. In ka bar ƙofar firji a buɗe don ɗaki ya yi sanyi, ɗakin ƙara zafi zai yi. Na'urar sanyaya ɗaki ma dalilin da ya sa rabinta yake waje ke nan. Na ga yaran da na yi wa bayanin nan sau uku a allo ba su kama ba, amma wanda gonarsa ta ƙone a gem ba ya mantawa.

Injin raba ruwa na wasan shi ma ya burge ni. Yana shan giram 1,000 na ruwa a daƙiƙa, ya ba da giram 888 na oksijin da 112 na haidurojin. Ɗauki biro: a ƙwayar ruwa oksijin yana da nauyi 16, haidurojin biyu suna da 2, jimla 18. Kashi 16 cikin 18 na dubu shi ne 889, saura 111. Kusan daidai wa daida. To amma duba kuɗin wutar. Wasan ya ce injin wat 120 yake ci, kamar tsohon ƙwan fitila biyu. A zahiri raba giram 18 na ruwa yana cin kilojul 286, don haka kilo ɗaya a kowace daƙiƙa zai ci kusan megawat 16, wutar unguwanni ke nan. Sannan a wasan za ka ƙona haidurojin ɗin a janareta ka sami wat 800, ba tare da oksijin ba ma. 'Yan wasa sukan haɗa biyun su sami injin da ke ciyar da kansa har da rara. A duniya in ka raba ruwa ka sake haɗa shi, iyakar abin da za ka samu shi ne abin da ka kashe, kuma ko shi ba za ka samu cif ba. Ka riƙe wannan saboda masu bidiyon mota mai tafiya da ruwa da janareta marar mai da ake turawa a WhatsApp. Lissafinsu iri ɗaya ne da na gem ɗin, bambancin shi ne masu gem ba su ce ka turo kuɗi ba.

Iskoki a wasan suna rabuwa bisa nauyi: haidurojin a sama, oksijin a tsakiya, kabon dayoksaid ya kwanta a ƙasa. Rabin gaskiya ce. Nauyin ƙwayar kabon dayoksaid 44 ne, na iskar da muke shaƙa wajen 29, don haka in ta fito da yawa a wurin da ba motsi takan kwanta. Masu haƙar rijiya sun san haka, shi ya sa ake zura fitila kafin mutum ya sauka, in ta mutu a fasa. A 1986 irin wannan iska ta taso daga tafkin Nyos na Kamaru ta gangara kwari ta kashe mutane sama da 1,700. Amma in an ba iskoki lokaci gaurayuwa suke yi, ba sa sake rabuwa da kansu. Da haka ba ta kasance ba, da duk mai kwana a tabarma ya shaƙe. Kabon monoksaid kuma, ta janareta da gawayin da ake shiga da shi ɗaki da hunturu, nauyinta 28 ne, kusan ɗaya da iska, tana cika ɗaki ko'ina ba launi ba wari. Hawa gado ba ya tserar da kowa daga gare ta. Tunda kana da janareta a shago, a waje ya kamata ya zauna, nesa da taga.

Akwai abin da kusan duk wasanni suke tsallakewa, har da wannan, kuma shi ne gwajin da na fi so: zafin ɓoye na sauya kama. A gem ruwa yana kaiwa wani digiri sai ya zama tururi nan take. A murhu kuwa, ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa 100 yana cin kilojul 418, amma ƙafar da shi ya zama tururi yana cin 2,260, fiye da ninki biyar, kuma duk tsawon lokacin ma'auni yana tsaye a 100. Ƙanƙara ma sai ta sha kilojul 334 kafin kilo ɗaya ya narke. Randar gidanku da wannan take aiki. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu ya bi iska, kuma kowane ɗigo da ya tashi da zafin na ciki yake tafiya. A randa mai lita 20, in kofi ɗaya na mililita 200 ya tashi, zafin da ya kwasa ya isa ya sauke sauran da kusan digiri shida. Da bazara, lokacin da iskarmu ta bushe ƙarau, ruwan randa har haƙori yake kamawa, da damina kuwa sai ka ji shi salam. A kan wannan ne malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Duk gem ɗin da ka ga ƙanƙara tana ɗaukar lokaci tana narkewa alhali ma'auni bai motsa ba, ka san wanda ya rubuta shi ya zauna ajin fizis.

Factorio, na wasu 'yan ƙasar Cek, wasan gina masana'anta ne. Ma'adinin yuraniyam a ciki yana ba da kashi 99.3 na nau'in 238 da kashi 0.7 na nau'in 235, kuma haka yake a ƙasa, har wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar. Amma injin tururinsa ya taka doka ta biyu. Tukunya tana cin megawat 1.8 na kwal, ta ciyar da inji biyu masu ba da kilowat 900 kowanne, ba asarar ko wat ɗaya. Tun 1824 wani Bafaranshe, Sadi Carnot, ya nuna akwai iyaka, kuma iyakar ta dogara da tazarar zafi tsakanin tururin da wurin da ake zubar da saura. Tururin wasan digiri 165 ne, ruwansa 15. A ma'aunin Kelbin, wato in an ƙara wa kowanne 273, 438 da 288 ke nan, abin da ke ba da iyakar kashi 34 cikin ɗari, ko da injin ba shi da aibi ko ɗaya. Ƙaramin janaretan fetur irin na shago ba ya mayar da ko kashi ɗaya cikin biyar na man da ya sha zuwa wuta. Sauran shi ne zafin salansa da na jikin injin da kake ji in ka matso.

Zelda na Nintendo da ya fito a 2017, Breath of the Wild, masu shi da bakinsu suka ce sun sa masa injin kemistiri, amma ba lissafi yake yi ba, ƙa'idoji ne na wane abu ke sauya wane. Duk da haka idonsu ya ga duniya. Wuta tana bin ciyawa, iska mai zafi tana tashi sama har ta ɗaga ɗan wasa, kamar yadda shirwa ke shawagi a saman gobarar daji. Ana buga ƙarfe a dutse a sami tartsatsi, ƙyastu ke nan. Hamada zafi da rana, sanyi da dare. Inda suka zarce shi ne cin barkono ya hana ka jin sanyin dusar ƙanƙara. Yaji jijiyoyin da ke jin zafi yake ruɗa, ba ya ƙara wa jiki ɗumi, gumi ma yake sa ka, gumi kuwa sanyaya jiki yake kamar randa.

Yanzu ga duronka. A PUBG ana harbin jarkar mai ta fashe, a GTA San Andreas harsashi ɗaya a murfin tanki ya tashi mota. Ruwan fetur ba shi ne ke ci da wuta ba, tururinsa ne, kuma shi ma sai ya gauraya da iska a wani ƙayyadadden kaso, tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin ɗari. Ƙasa da haka ya yi tsarari, sama da haka oksijin ya yi kaɗan. A cikin tankin da ke da mai tururin ya wuce wannan iyaka, harsashin dalma kuma ba ya cika ba da tartsatsi, don haka abin da aka fi samu shi ne huji da yoyo. Haɗarin yana zuwa ne bayan nan, in man ya malala. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana rarrafe a ƙasa har ya iske wuta a nesa, wutar ta biyo shi ta dawo. Abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi mutane suka taru ɗiba, wuta ta tashi ta ci rayuka sama da 150, Allah Ya jiƙansu, wannan yanayin ne. Mai walda ma zai gaya maka tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, don a cikinsa ne iska da tururi ke samun daidaiton da wuta ke so, shi ya sa ake wanke shi a cika da ruwa kafin a taɓa. A nan gem ya koyar da abin a juye, kuma wannan juyin ya fi na gawayin Minecraft illa, musamman a garin da 'yan bumburutu ke jere a bakin titi.

Shawarata game da ƙanenka: kada ka ƙwace wayar, ka sa masa haraji. Duk mako ya kawo maka abu ɗaya daga gem, a rubuce da hannu, ya nuna abin da ya shiga da abin da ya fita, ya faɗi ko lissafin ya daidaita. Ba sai ka san kemistiri ba kafin ka duba ko 888 da 112 sun ba da dubu. In ya kasa kawo ko ɗaya cikin wata guda, to wasa kawai yake yi, ku yi maganar lokaci. Akwai kuma wani ƙaramin gem kyauta da ake samu a wayar Android, The Powder Toy, wanda ba labari ba harbi, zuba abubuwa kawai kake yi ka ga zafi da matsin iska suna aiki. Ya fi sauran kusa da ɗakin gwaji, kuma ba ya cin data.

Kimiyyar zafi mafi inganci a shagonka kuwa tana hannun yaran, ba a allo ba. Wayar da ake buga Free Fire a kanta tana jan wat kaɗan daga batir, kuma kusan duka zafi suke zama, tunda ba abin da wayar ke ɗagawa ko turawa. Ba ta da fanka, ta bayanta kawai take miƙa wa iska zafin, kuma saurin miƙawar ya dogara da tazarar da ke tsakaninsu. A watan Janairu da iska ke ƙasa da digiri 20 da safe, tazarar mai faɗi ce. A watan Afrilu da inuwa kanta ta haura 40, kusan babu inda zafin zai gangara, sai wayar ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace, yaro ya ce netwok ne. In an haɗa da caji a lokaci guda an ƙara wani murhun, batirin litiyam kuwa zafi ne ke saurin tsufar da shi har ya kumbura. A cire rigar roba, a ɗora wayar a kan tiren alminiyam maimakon katifa, a sa fanka ta buga ta. Firiza dai kada a kai ta, na san wasu suna yi: in an fito da ita laimar iska za ta kwanta a jikinta ciki da waje kamar raɓar da kake gani a kwalbar lemo mai sanyi, kuma ruwan cikin ba ka da tsumman da zai kai wurin.